Diraya a gidan haya: wacce zan saya da ba za ta cinye mana kuɗin wuta ba?

Maman_Haidar_Bradford:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah shawara nake nema. Wannan ne sanyinmu na biyu a Bradford ta Ingila, yara uku, ƙaramin watansa bakwai. Tun da Oktoba ta kama kaya suka daina bushewa. In na shanya a ɗan lambun baya sai su kwana biyu sharkaf, in na shigo da su falo sai tagogi su yi ta zufa, ga warin danshi ya kama kayan makarantar yara. Jiya na janye durowar ɗakinsu na tarar bango ya yi baƙi ƙirin da fumfuna, dab da gadon jaririn. Wallahi ban runtsa ba. Abban Haidar ya ce mu sayi diraya, wato injin busar da kaya, ni kuma kuɗin wuta nake tsoro. Mun je shago mun ga ta fam 260 da ta fam 430, duk kilo 8. Yaron shagon ya ce mai tsadar hit-fam ce, ba ta shan wuta. Gaskiya ne, ko dai ciniki yake nema? Wanda ya yi amfani da su ya taimaka.

Ummu_Sudais:
Wa alaikumus salam. Allah ya tsare miki yaron. Ki fara ɗauke gadonsa daga jikin bangon nan yau yau, kafin maganar sayayya.

Injiniya_Bazazzage:
Wa alaikumus salam Maman Haidar. Yaron shagon bai yi miki ƙarya ba, amma bai faɗa miki duka ba. Iri uku ne a kasuwa. Akwai mai bututu, wadda ke dafa iska ta ratsa kayan sannan ta watsar da ita waje ta rami a bango ko ta taga. Akwai kondensa, ita ba ta son bututu, ruwan yana taruwa a wani ɗan tanki ki zubar, amma ita ma da hita take dafa iskar. Ta ukun ita ce hit-fam, kwamfuresa gare ta irin ta firji, zafin da ta yi amfani da shi ba ta zubar da shi, tana sake juya shi ne.

Ga lissafi. Biyun farko, cikakken lodi ɗaya yakan ci yunit huɗu da rabi zuwa biyar. Hit-fam takan tsaya tsakanin ɗaya da rabi zuwa biyu. Ki duba takardar wutarki, ni tawa peni 26 ne yunit. Ke nan kondensa kusan fam 1 da peni 17 a lodi, hit-fam kusan peni 47. Bambancin peni 70 ne. Da yara uku da jariri ba za ki gaza lodi biyar a mako ba, a shekara lodi 260, kusan fam 180 ke nan. Bambancin farashin da kika gani fam 170 ne. Shekara ɗaya ta mayar miki da kuɗinki.

Maman_Haidar_Bradford:
Na gode ƙwarai Injiniya. @Ummu_Sudais tun daren jiya a ɗakinmu ya kwana.

AbuMaryam_Coventry:
Injiniya, lissafinka daidai ne ga mai kunna ta shekara zagaye. Amma wa zai kunna diraya a Yuli? Ni daga Nuwamba zuwa Maris kawai muke taɓa tamu, sau biyu a mako, tawul da zanin gado. Lodi arba'in da 'yan kai ke nan, ragin bai wuce fam 30 a shekara ba. Sai na shekara biyar zuwa shida kafin in fanshe, ni kuwa ban san ko ina ƙasar nan a lokacin ba. Ɗalibin da bizarsa saura wata goma sha takwas kada ya ɗauki wannan lissafin ya hau kai.

Injiniya_Bazazzage:
Gaskiyarka Abu Maryam. Shi ya sa na ɗora nawa a kan yawan wankinta. Kowa ya ƙirga lodinsa tukuna.

Hajiya_Luton:
'Yata Maman Haidar, shekarata ashirin da uku a ƙasar nan, bari in faɗa miki abin da ba a faɗa a shago. Hit-fam tana da nawa. Tsohuwar kondensata awa ɗaya da kwata ta gama, wannan sai ta kai awa uku da tawul. Makon farko na ɗauka ta lalace, har na kira su. Ashe haka take, don zafinta bai kai na waccan ba. In kin ciro kayan za ki ji su kamar da sauran laima, ki kakkaɓe ki ba su minti biyu su huce, za ki ga sun bushe ƙarau. Alherin rashin zafin kuwa, singiletin jikokina da safansu sun daina ƙanƙancewa. Sai dai ki tsara wankinki. Ba a tashi ƙarfe bakwai na safe a ce yunifom ya bushe kafin takwas.

Dan_Fagge:
Ikon Allah. Mu nan Kano in ka shanya riga bayan azahar, kafin la'asar ta bushe. Allah ya kawo muku sauƙi mutanen Turai.

Nas_Halima:
Ni ra'ayina daban ne, kuma ina faɗa ne don na shiga irin halin da take ciki. Ɗaki biyu muke a sama, babu inda diraya za ta zauna. Na sayi na'urar tsotse danshi da ƙarfen shanya mai hawa uku. In na shanya a ƙaramin ɗaki sai in rufe ƙofa da taga in kunna ta. Wat ɗari biyu da ɗan wani abu take ja, awa biyar kusan yunit ɗaya ke nan. Da safe in ɗaga tankin in ga ruwa lita biyu, wani lokaci uku. Ranar farko tsayawa na yi ina kallonsa, ina tunanin duk wannan da a bango da huhun yarana zai ƙare. Kuma ita tana maganin danshin gidan gaba ɗaya, ba na wanki kawai ba. Diraya za ta busar da kaya, amma tururin girki da na wanka yana nan.

Ummu_Sudais:
Na goyi bayan Nas Halima. Mu da muke dafa wake da ganda awa biyu a kan wuta, tururin ba kaɗan ba ne.

Hajiya_Luton:
Halima, da yara nawa? Ki gwada shanya zanin gado huɗu da tawul shida a kan ƙarfen nan ki gani. Mai jariri wankinta ba ya jiran gobe.

Nas_Halima:
Biyu ne Hajiya, kuma sun girma. Na yarda nata ya fi nawa yawa. Amma ko ta sayi dirayar ina ganin ba za ta rasa bukatar wannan ba.

Malam_Sokoto_Manchester:
Kafin a yi nisa, akwai abin da ya fi sayayya muhimmanci. Maman Haidar, ki ɗauki hoton bangon nan yau da kwanan wata, ki aika wa mai gidan hayar a rubuce, ta imel ko saƙon waya, kada ki tsaya a kira kawai. A Rochdale, nan kusa da mu, wani yaro ɗan shekara biyu mai suna Awaab Ishak ya rasu a Disambar 2020 saboda fumfunar gidan da suke haya. Iyayensa sun yi ta kai kuka ba a saurare su ba, aka ma ɗora laifin a kan yadda suke zaman gidan. Binciken da aka kammala a Nuwambar 2022 ya nuna gidan ne ba shi da isasshiyar hanyar fitar iska. Daga nan aka yi dokar da ake kira da sunansa, wadda ta fara aiki a Oktoban 2025 a kan gidajen kansul, wato ƙaramar hukuma, da na ƙungiyoyin gidaje. Ko naku na ɗan kasuwa ne, kansul tana da sashen da ke duba lafiyar gidajen haya, kina iya kai ƙara can. Ina faɗar wannan ne don kada ki ɗauka laifin shanyarki ne kaɗai. Wani bangon ruwa yake sha daga waje.

Maman_Haidar_Bradford:
Innalillahi. Allah ya ba iyayensa haƙuri. Malam na ɗauki hotuna, Abban Haidar zai tura da daddare in ya dawo aiki. Gidan tsohon gini ne na dutse, bangon da ya yi baƙin shi ne na ƙarshen layi.

AbuMaryam_Coventry:
To kin gani. Bangon ƙarshe shi ya fi sanyi, can tururi yake zuwa ya kwanta. Ki bar tazarar tafin hannu tsakaninsa da durowa.

Balarabe_Hamburg:
Gaisuwa daga Jamus. Mu nan zaɓin ma ya kusa ƙarewa. Tun 1 ga Yulin 2025 dokar Tarayyar Turai ta sa sababbin dirayoyin da ake shigowa da su kasuwa sai masu hit-fam, an kuma canza takardar nuna shan wuta da ke manne a jiki ta koma A zuwa G. Suwizalan ta riga kowa, tun 2012. Abin da zan ja hankalinku a kai shi ne lambar da ke jikin takardar. Tsohuwar, mai A da alamun tarawa, tana nuna wutar shekara ne a kan lodi 160. Sabuwar a kan lodi 100 take. Kada mutum ya ɗauki lambar wannan ya gwada da ta waccan ya ce ga mai sauƙi. A raba da yawan lodin tukuna. Sannan wata ɗabi'a da na koya wurin Jamusawa: safe da yamma su wangale tagogi duka minti biyar zuwa goma ko ana ƙanƙara, sai su rufe. Iska ta sauya, bango bai huce ba. Ya fi barin taga a ɗan buɗe wuni guda.

Maman_Haidar_Bradford:
Wadda muka gani A da alama biyu ce a jikinta, ta fam 260 ɗin kuma B.

Injiniya_Bazazzage:
Kada B ɗin nan ta ruɗe ki, a tsohon ma'auni B tana can ƙasa. A mai alama biyu ta wadatar. Mai alama uku ta fi, amma sau da yawa ƙarin kuɗinta ya fi ƙarin ragin.

Wani abu da na manta, kuma ya fi komai araha: injin wankinki. A juyi nawa kike matse kaya? Yawancin mutane suna barinsa a 800 ko 1000. Kayan auduga kilo 8 da aka matse a 1000 suna fitowa da ruwa kusan lita biyar, a 1400 kusan huɗu. Matsewa da juyi ba ta cin wuta sosai, ƙafar da ruwa da zafi ita ce mai ci. Ki ƙara masa zagayen matsa na minti goma bayan ya gama, tawul da wandon jins musamman. Wannan ko igiya za ki shanya zai amfane ki.

Zee_Abuja:
Don Allah ku bar ni in shigo da tawa. Ina Abuja, ina da ɗan shagon wanki da guga. A watan Agusta sai mu kwana uku ba rana, kwastoma na kira. Muna layin wuta na Band A, mai tsadar nan, tun Afrilun 2024 da aka kai yunit naira 225, daga baya aka ɗan rage zuwa 209 da rabi. An yi mini tallan wata ta hannu, 'yar Amurka, babba, da araha. In karɓa?

Injiniya_Bazazzage:
Hajiya Zee, ki yi hattara da ta Amurka. An ƙera su ne a kan tsarin wutarsu, mai bugu 60 a daƙiƙa, tamu 50 ce, haɗin wayarsu ma daban. Hitar cikinsu kuma takan kai wat dubu biyar. Ta Ingila ko ta Turai ita ta dace da wutar Najeriya. A farashinku lodin kondensa kusan naira 940 ne, na hit-fam bai kai 400 ba. In aka ɗauke wuta kuma, kondensa tana jan wat 2,500 ko fiye, ƙaramin janareto ba zai ɗauka ba. Hit-fam ba ta cika wuce dubu ɗaya ba, inbata mai ƙarfi da sola za su riƙe ta da rana. Matsalarta ɗaya, allon lantarkinta ba ya son wuta mai hawa da sauka, dole sitabilaiza, kuma ki tabbatar akwai mai gyaranta kusa.

Dan_Fagge:
Hajiya Zee, ko me za ki saya, kada shadda ta shiga ciki. Ni ɗan gidan masu bugu ne. Shadda ana wanke ta da hannu, a sa sitaci, a shanya a inuwa, a kai bugu. In kika jefa gezna a injin nan ya yi ta wurgi da ita cikin zafi, ƙyallin ya tafi, ba kuma zai dawo ba. Haka hula, haka leshi mai duwatsu. Kwastoma zai yafe miki jinkirin kwana biyu, ba zai yafe miki shaddarsa ba.

Hajiya_Luton:
Ɗan Fagge ya faɗi gaskiya. Ni atamfa ma ba na sawa. Hijabai masu santsi kuwa a hanga nake rataye su, kafin awa biyu sun bushe da kansu. Diraya ta tawul ce da zanin gado da kayan yara.

Zee_Abuja:
Na gode. Dama don zannuwan otal da tawul nake so, su ne ke tara mini aiki. Na fasa 'yar Amurkan.

Sadiya_Toronto:
Mu nan Ontario wuta tana da farashi kala-kala gwargwadon lokaci. Daga bakwai na yamma zuwa bakwai na safe, da Asabar da Lahadi duka, ta fi araha. Ni sai in tara wankina zuwa ƙarshen mako. Ku ba ku da irin wannan a Ingila?

AbuMaryam_Coventry:
Akwai, Economy 7 ake ce masa, awa bakwai na dare da araha, amma na rana ya fi na kowa tsada. Ni da nake da shi sai in saita ta ta tashi ƙarfe ɗaya na dare.

Nas_Halima:
Don girman Allah Abu Maryam ka daina. 'Yan kwana-kwana na ƙasar nan kullum gargaɗinsu kada a bar diraya tana aiki ana barci ko ba kowa a gida. Wata abokiyar aikina haka ta kunna ta kwanta, ƙarar na'urar hayaƙi ce ta tashe su. Sun fita da yara da kayan barci a jikinsu, kicin ɗin ya ƙone ƙurmus. Na je na gani da idona, firjin ya narke ya zube kamar kyandir. Penin da za ka rage bai kai wannan ba.

Malam_Sokoto_Manchester:
Haka ne. A Agustan 2016 diraya ce ta tayar da gobara a wani dogon bene a Shepherd's Bush a Landan. Kamfanin Whirlpool kuma a 2019 ya janye wasu na Hotpoint da Indesit da Creda da aka ƙera tsakanin 2004 da 2015, saboda burbushin zare yana taruwa ya taɓa hita ya kama. Har yau wasunsu na yawo a kasuwar kayan hannu a Facebook. Duk mai sayen ta hannu ya duba lambar da ke jikin ƙofar a shafin kamfanin kafin ya biya.

AbuMaryam_Coventry:
Na ji, kuma na karɓa. Zan mayar da ita bayan sallar asuba, lokacin ina farke kuma arahar ba ta ƙare ba.

Ummu_Sudais:
Burbushin nan ba gobara kaɗai yake jawowa ba, wuta ma yake ci. Tawa ta fara kai awa huɗu, na ce ta tsufa. Da mai gyara ya zo sai ya buɗe wata 'yar ƙofa a ƙasa da ban taɓa sanin tana buɗuwa ba, ya zaro wani soso ya toshe ɓam kamar bargo. Ya wanke ya mayar, ta koma awa biyu da rabi. Rariyar bakin ƙofa ana share ta bayan kowane lodi, ta ƙasan kuma a duba ta a kai a kai. Ya kuma nuna mini wasu ƙarafa biyu sirara a ciki, su ne ke jin ko kaya sun bushe. Ya ce turaren laushin kaya yana lulluɓe su, a dinga gogewa da tsumma da ɗan ruwan khal.

Injiniya_Bazazzage:
Madalla da wannan. A ƙara da cewa a yi amfani da tsarin da ke tsayawa da kansa in kaya sun bushe, a bar na saita minti. Kayan da za a goge kuma a zaɓi bushewar guga, tana barin ɗan laima, wuta ta ragu, gugar ma ta fi kwanciya. Kada a haɗa tawul da ƙananan riguna, rigunan za su bushe su yi ta juyawa a banza suna jiran tawul.

Balarabe_Hamburg:
Ba wanda ya yi maganar injin da ya haɗa wanki da busarwa. In wuri ne matsalar fa?

Hajiya_Luton:
Na taɓa shi, ban ji daɗinsa ba. Yana wanke kilo 8 amma biyar yake iya busarwa, sai kin kwashe rabi. Kuma muddin yana busarwa ba ki da injin wanki. Ga mutum ɗaya ko biyu ya yi.

Maman_Haidar_Bradford:
Allah ya saka wa kowa da alheri, na karanta duka har sau biyu. Yau na matse a 1400, na ji bambanci tun a hannu. Hankalina ya fi kwanciya da hit-fam ɗin. Sai dai kicin ɗinmu ba wuri, Abban Haidar yana cewa a sa ta a ɗan ɗakin ajiya da ke waje, akwai soket a ciki.

Injiniya_Bazazzage:
A'a, a nan kuma lissafin ya canza. Hit-fam ba ta son sanyi. Yawancin kamfanoni suna rubuta kada ɗakin ya gaza digiri 5, wasu ma 10 suke so. Ɗakin waje a Bradford cikin Janairu zai sauka ƙasa da haka, sai ta yi ta juyi kaya ba su bushe ba, ko ta ƙi tashi. In dole sai waje, mai bututu ce ke jure sanyi, ita kuma kin ga abin da take ci. Tunda hit-fam ba ta bukatar rami a bango, ko'ina cikin gida za ta zauna in akwai soket na bango da ɗan sararin iska. Kada dai a ja mata wayar ƙari.

Sadiya_Toronto:
Ba a ɗora ta a kan injin wankin? Mu haka muka yi, akwai ƙarfen da ake sayarwa na haɗa su.

Maman_Haidar_Bradford:
Injin yana ƙarƙashin kanta ne Anti Sadiya, ba sama. Amma akwai wani lungu a saman bene kusa da banɗaki inda muke tara akwatuna. Na auna da tef yanzu, faɗinsa santimita 68, zurfinsa 70.

AbuMaryam_Coventry:
Yawancinsu faɗin 60 ne, zurfin ne ke bambanta, wasu har 65. Ki duba na wadda kika gani, ki kuma tabbatar ƙofarta za ta buɗe ba ta tare hanyar bene ba.

Nas_Halima:
Ni dai har yanzu ina kan bakana, ko an sa dirayar a nemi ta tsotse danshin saboda ɗakin yaran. Me mai gidan hayar ya ce da ya ga hotunan?

Maman_Haidar_Bradford:
Ya ce zai turo mai dubawa ranar Alhamis. Injiniya, soket ɗin da ke lungun guda ɗaya ne, kuma a jikinsa muke sa hitar banɗaki. In an cire hitar lokacin da dirayar ke aiki ya isa, ko sai an kira mai gyaran wuta ya ƙara wani?